Tambayi Kaftin: Me Ke Kayar da Jiragen Manya Dab da Sauka?

Wasiƙun da suka shigo wannan watan yawancinsu a kan ƙananan jiragen alfarma ne, irin waɗanda gwamnoni da manyan 'yan kasuwa suke hawa. Na zaɓi uku. Ta farko ta ci fili da yawa, sauran masu tambaya su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Kaftin. Ina aiki a ofishin wani ɗan kasuwa a nan Kano, kuma ni nake nema wa maigida jirgin shata idan zai je Abuja ko Legas ko wani ɗaurin aure. Tun da na ji labarin jirgin da ya ɗauko ministan lantarki ya yi hatsari a Ibadan a 2023, da wani kuma da ya zarce titi a filin jirgin bayan 'yan watanni, gabana yake faɗuwa duk ranar da maigida ya hau. Shin ƙananan jiragen nan ba su da ƙwari ne, ko tsofaffi ake kawo mana? Kuma me ya sa kullum sai wajen sauka? Daga mai karatu a Bompai.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara cire zancen rashin ƙwari daga ranka. Jirage irin su Hawker da Learjet da Challenger da Gulfstream duk an ƙera su bisa ƙa'ida mai tsauri, inji aƙalla biyu gare su, kuma ko ɗaya ya mutu ɗayan zai kai su ƙasa lafiya. Tsufan jirgi kuma a littafin gyaransa ake duba shi. Mai shekara 25 da ake canja masa kaya a kan kari ya fi mai shekara 8 da aka yi wa sakaci.

Sauka ita ce wurin da aiki ya fi yawa, lokaci ya fi ƙaranci, ƙasa kuma ta fi kusa. Kamfanin Boeing yana fitar da ƙididdiga duk shekara, kuma ta daɗe tana nuna cewa kusan rabin hatsarin da ake rasa rai a manyan jiragen fasinja a gangarowar ƙarshe da sauka yake faruwa, alhali wannan zangon 'yan mintuna ne kawai daga cikin tafiyar.

Ga lissafin yadda abin yake. Jirgi irin wanda kake ɗauka yana isowa bakin titi da gudun kilomita 220 a awa ko kusa da haka, wato mita 60 a kowace daƙiƙa. Ƙa'ida ita ce ya tsallake bakin titin yana tsayin ƙafa 50, tayoyinsa su taɓa ƙasa wajen mita 300 daga bakin. Idan ya tsallake yana ƙafa 100, ya yi asarar wasu mita 300. Idan gudunsa ya ɗara da kashi 10 cikin 100, nisan da yake buƙata kafin ya tsaya ya ƙaru da kusan kashi 20. Idan kuma matuƙi yana son ya burge maigida da sauka mai laushi, wadda ko shayi ba zai girgiza a kofi ba, ya bar jirgin yana shawagi saman kwalta na daƙiƙa biyar, wasu mita 300 sun sake tafiya. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya kai mita 3,300, yana yafe irin wannan. Titi mai mita 1,500 ba ya yafewa, kuma irin waɗannan titunan ne jiragen manya suka fi zuwa, don amfaninsu ke nan, su kai mutum inda jirgin haya ba ya zuwa.

A ranar 31 ga Yuli, 2015, wani jirgi ƙirar Phenom 300 ya taso daga Milan ta Italiya ɗauke da mutum uku daga dangin Bin Laden, zai sauka a wani ƙaramin fili da ake kira Blackbushe a Ingila. Rana tsaka, gari garau, jirgi lafiya lau. Matuƙin shi kaɗai ne a gaba, ya shiga kauce wa wani ɗan ƙaramin jirgi a sama, ya gangaro da gudun da ya ɗara ƙa'ida da kusan kashi 40 cikin 100. Titin bai fi mita 1,000 da 'yan kai ba, shi kuwa sai da ya ci wajen mita 700 kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa. Ya zarce ya afka cikin motocin da aka jera a wani filin gwanjo, duk su huɗun suka rasu.

Abin da ya kamata ya yi kowane ɗalibin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya san shi. A tsayin ƙafa 1,000 idan cikin gajimare ko hazo kake, ko ƙafa 500 idan gari a buɗe yake, dole jirgi ya zama ya daidaita: gudu daidai, tayoyi a waje, fukafukai a shirye, yana kan layin titi, yana gangarowa a hankali. Idan ɗaya daga ciki bai cika ba, ka tura inji gaba, ka ɗaga hanci, ka fasa saukar, ka zagayo. Minti goma ne ko sha biyar da ɗan man da za a ƙona. Amma binciken da gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 ya nuna cewa a cikin gangarowa 100 da ba su daidaita ba, wajen 3 kacal ake fasawa. Sauran 97 a haka ake lallaɓawa a sauka, kuma saboda galibi ana tsira, sai mutum ya saba.

To, me ke hana matuƙi fasawa? A nan ne jirgin manya ya bambanta da na haya, kuma a ganina nan ne cutar take.

Ka dubi direban babbar motar kamfani da direban gidan Alhaji. Na farko yana da dokar kamfani a bayansa, fasinja ya yi ta surutu ba abin da ya dame shi. Na biyu kuwa wanda yake biyan albashinsa yana zaune a kujerar baya yana duba agogo yana cewa "taka ta mana." Matuƙin jirgin haya ƙofarsa a kulle take, bai san sunan kowa a baya ba, yana da ofishi guda da ke duba masa yanayi da mai, kuma idan ya juya zuwa wani gari babu wanda zai tuhume shi. Matuƙin jirgin alfarma taku uku ne tsakaninsa da mai jirgin. Ya san ɗaurin auren ƙarfe biyu da rabi ne, ya san gwamna na jira a filin jirgi, ya san an riga an fito da 'yan rakiya da masu kiɗa. Ga kunya irin tamu, ga nauyin babba.

Wata shekara da hunturu na ɗauko wani babban mutum daga Abuja za mu wani gari a arewa maso yamma, auren 'yar amininsa. Na gangaro har iyakar da doka ta yarda, ban ga titi ba, na tashi. Na zagayo na sake gwadawa, haka dai. Ina juya hanci zuwa Kano sai ga yaronsa ya leƙo: "Kaftin, Oga ya ce a ƙara gwadawa, ga garin nan yana gani ta taga." Gaskiya ya faɗa, yana ganin rufin gidaje a ƙarƙashinsa. Ni kuwa abin da nake nema yana gabana ne, cikin ƙura. Na ce ya gaya wa Oga mun nufi Kano. Da muka sauka mutumin ya wuce ni ko kallo babu, kuma daga ranar wani matuƙin aka riƙa haɗa shi da shi. Ni a lokacin na riga na yi furfura, ina da inda zan koma. Yaro mai shekara 30 da ya ci bashin miliyoyi ya yi karatun tuƙi, ga mata ga 'ya'ya, sai ya yi ta maza kafin ya ba da irin wannan amsar.

Kada ka ɗauka halin namu ne kaɗai. A ranar 29 ga Maris, 2001, wani Gulfstream III ya taso daga Los Angeles zuwa Aspen, wani gari a cikin duwatsun Amurka da aka taƙaita sauka a filinsa bayan duhu. Fasinjojin sun makara. Da aka gaya wa wanda ya yi shatar cewa mai yiwuwa a sauka a wani filin, sai ya fusata, don ya shirya liyafar cin abinci a daren. Da aka kusa, ɗaya daga cikin fasinjojin ya shigo ya zauna a kujerar da ke bayan matuƙan. Ga dusar ƙanƙara, ga magariba ta kawo jiki, matuƙan suka gangara ƙasa da iyaka ba tare da sun ga titin sosai ba, suka bugi gangaren tudu kafin su kai. Mutum 18 suka mutu. Hukumar binciken Amurka ta rubuta matsin lambar nan ƙarara cikin abubuwan da suka taimaka wajen hatsarin.

Sai gajiya. Oga ya ce ƙarfe goma na safe, matuƙa sun iso tun bakwai sun duba jirgi, Oga bai bayyana ba sai tara na dare, taro ya ja. Su kuma sun wuni a kan kujerar ɗakin jira. Saukar da aka tsara da rana ta koma ta dare, a filin da wataƙila sau ɗaya suka taɓa zuwa, da ƙwaƙwalwar da ta yi awa goma sha huɗu a farke. Ba a ganin wannan a jikin tarkacen jirgi, amma yana cikin rahotanni da yawa.

Yanzu ga inda kai kanka kake da hannu. A Najeriya takarda iri biyu ce. Akwai izinin da hukumar NCAA, mai kula da harkar jiragen sama, take ba mai jirgi don ya ɗauki kansa da iyalinsa da baƙinsa ba tare da karɓar kuɗi ba, wanda ake kira PNCF. Akwai kuma lasisin AOC na mai ɗaukar fasinja don kuɗi, wanda yake zuwa da sharuɗɗa masu nauyi: horon matuƙa a kai a kai, ƙayyade awannin aiki da na hutu, littafin ƙa'idojin aiki, da masu bincike da ke zuwa dubawa. Wasu masu takardar farko suna yin shata a ɓoye, kuma sun fi araha, don ba sa ɗaukar wancan nauyin. Jirgin Ibadan da ka ambata, ƙirar Hawker 800XP, ya taso daga Abuja ranar 3 ga Nuwamba, 2023, da dare, ya taɓa ƙasa kafin ya kai bakin titi. Allah Ya kiyaye babu wanda ya rasu. Rahoton farko na hukumar bincike ta NSIB ya nuna izinin kamfanin irin na farkon ne. Jirgi na biyun da ka ambata, ƙirar Challenger, ya zarce titi ranar 26 ga Janairu, 2024. A cikin shekarar ne NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage, ma'aikatar sufurin jiragen sama kuma ta kafa kwamiti a kan shatar ɓoye.

Don haka kafin ka tura ko kwabo, ka nemi ganin AOC, ka tabbata lambar jirgin da za a turo tana cikin jerin jiragen kamfanin. Dillali zai ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji wane ma shi yake hawa." Kada ka saurare shi. Ka tambayi ƙarfe nawa filin da za ku yake rufewa. Ka shirya mota a gari na kusa tun kafin a tashi, don idan kaftin ya ce an juya, kada a rasa abin yi har a koma ana roƙonsa. Sannan ka samu ranar da maigida yake cikin raha ka gaya masa, cikin ladabi, cewa daga lokacin da jirgi ya fara gangarowa babu mai zuwa gaba da saƙo, ko kai ko ɗan sandansa.

TAMBAYA: Malam Kaftin, gidanmu yana Kurna, jirage ta kanmu suke wucewa. Ina tuna daren da jirgin fadar shugaban ƙasa ya faɗi da ɗan Janar Abacha a 1996, lokacin ina amarya. Har yau idan hazo ya sauka na ji ƙarar jirgi sai in kama salati. Yaya matuƙi yake ganin hanya a cikin wannan ƙurar, alhali mu ko ƙarshen layinmu ba ma gani? Daga wata uwa a Kurna.

AMSA: Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar 17 ga Janairu ce, jirgin ƙirar HS-125, mutum 14 a ciki, kuma ya kusa isowa Kano abin ya faru. Mutanen Kurna da Gwammaja da Rijiyar Lemo suna da dalilin tsorata da ƙarar jirgi, musamman bayan jirgin da ya faɗi a Gwammaja a watan Mayun 2002, duk da cewa wancan wajen tashi ne.

Amsar tambayarki ita ce ba ya gani, kuma ba a ce sai ya gani ba sai a ƙarshe. Akwai na'ura a filin jirgi da ake kira ILS, tana aika sigina biyu: ɗaya tana nuna tsakiyar titi, ɗaya tana nuna gangaren da za a bi, mai karkatar digiri 3. Matuƙi yana bin allurai biyu a gabansa har ya sauko ƙafa 200 daga ƙasa, a irin na'urar da aka fi samu. A nan zai ɗaga ido. Idan ya ga fitilun titi ya sauka, idan bai gani ba ya tashi. Daga wannan tsayin zuwa ƙasa bai kai daƙiƙa 20 ba, shi ya sa ba a tsayawa shawara a wurin, an riga an yanke ta tun a sama. Filin da ba shi da wannan na'urar iyakarsa ta fi tsayi, sai a ce ƙafa 400 ko 500 ko fiye, kuma a nan ne hazo ya fi hana sauka.

Sharrin hazo shi ne yana barin mutum ya ga ƙasa idan ya duba tsaye, amma ya rufe masa gaba. Ga shi kuma da yamma idan ana fuskantar rana, ƙurar takan zama farin bango. Sai zuciya ta fara raya wa matuƙi cewa "ƙara sauka kaɗan, yanzu za ka gan shi." Ƙafa 50, sai wata 50. Kafin titi kuwa akwai bishiyoyi da turakun fitila da eriya. Yawancin jiragen da suka bugi ƙasa kafin titi lafiyayyu ne, injinansu na aiki har daƙiƙar ƙarshe.

Dare ma yana da tasa yaudarar ko babu hazo. Idan gaban titi daji ne baƙi ƙirin babu fitilar gida ko ɗaya, ido yakan gaya wa mutum ya yi sama da yawa, sai ya sauko ƙasa da yadda ya kamata. Titi siriri ma haka yake yi wa wanda ya saba da mai faɗi. Maganin wannan wasu fitilu huɗu ne a gefen titi: biyu fari biyu ja, kana daidai, huɗu ja, ka yi ƙasa ƙwarai. Akwai kuma lambar nauyin iska da hasumiyar filin jirgi take ba matuƙi ya saita ma'aunin tsayinsa. Kuskuren lamba 10 a wurin yana sa ma'aunin ya yi ƙarya da kusan ƙafa 300.

Ni dai damina ta fi ba ni tsoro a kan hunturu. Kin san yadda hadarin gabas yake zuwa mana, iska da ƙura su riga ruwa isowa. Jirgin da ya shiga wannan yana dab da ƙasa, iska takan buge shi ta gaba ya ga gudunsa ya ƙaru ya rage wuta, nan take ta danno shi ta sama, sannan ta juyo ta bayansa gudun ya zube. Irin wannan yanayin ne jirgin kamfanin Sosoliso ya tarar a Fatakwal ranar 10 ga Disamba, 2005, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta. Bayan ruwan kuma, kwanciyar ruwa ta milimita 3 a kan kwalta ta isa ta ɗaga taya ta hana birki kamawa, wasu ƙananan jet ɗin kuma ba su da abin juya ƙarfin inji baya da manya suke taimaka wa birki da shi. Hadarinmu ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Wanda ya yi haƙurin rabin awa yana zagaye nesa da gari yakan tarar ya wuce.

Idan kin ji jirgi ya taho ƙasa-ƙasa sannan ƙararsa ta ƙaru ya yi sama, ki ci gaba da salatinki, amma ki kwantar da hankali. Wannan matuƙin ya bi doka ne.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Idan fasa sauka shi ne mafita, me ya sa na taɓa karanta cewa wani jirgi ya faɗi ne saboda ya yi ƙoƙarin sake tashi? Daga ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Ka yi tambaya mai kyau, ɗana, kuma abin da ka karanta yana faruwa. Fasa sauka yana da lokacinsa. Kana sama, ko tayoyi sun ɗan taɓa ba ka fara tsayawa ba, ƙofa a buɗe take. Da zarar ka taka birki, ka buɗe allunan da ke kashe ɗagawar fiffike, gudu ya fara zubewa, to ka zama na ƙasa, sai ka ƙarasa a ƙasa. Injin jet yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kawo cikakken ƙarfi daga zaman banza, kuma titi yana ƙarewa a cikin waɗannan daƙiƙoƙin.

Misalin da ake koyarwa shi ne na Owatonna a Amurka, ranar 31 ga Yuli, 2008. Hawker 800 ya sauka a jiƙaƙƙen titi mai kimanin mita 1,700, iska tana bayansa, matuƙan kuma ba su sami isasshen barci ba. Kaftin ya yi jinkirin buɗe allunan gaba ɗaya, ya ga ƙarshen titi na matsowa, bayan fiye da daƙiƙa 15 a ƙasa sai ya tura inji zai tashi. Jirgin ya zarce, ya bugi eriya, ya kife a gona, mutum 8 da ke ciki duk suka mutu. Masu bincike sun lissafa cewa da ya ci gaba da taka birki, da jirgin ya fita titin da ɗan gudu kaɗan ya tsaya cikin ciyawa a ƙasa da mita 100.

Wanda ya turo tambaya daga Sabon Gari a kan iskar da babban jirgi yake barin ƙarami a cikinta, da hatsarin Learjet na birnin Meziko a 2008, ya dakace ni a fitowa ta gaba, in sha Allahu.